Kaburburan Masu Bi a Bakin Kwara

Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Busa. Mutane suka koma sabuwar Busa, kaburburan kakanninsu kuwa suka zauna a ƙarƙashin ruwa. Kogin nan ne yake shigowa Najeriya daga iyakar Benin, ya ratsa ƙasar Bagudo, kuma a ambaliyar 2020 ya shanye gonakin shinkafa da gidaje a jihar Kebbi.

Mu da muke hidima a ikkilisiyoyin wannan yanki mun san abin da ruwa yake yi wa makabarta. Ƙasar fadama takan jiƙe, akwatin gawa ya ruɓe, kabari ya lotsa, siminti ya tsage, sunan mamaci ya ɓace.

Gyara sai da rani. Kafin a taɓa ƙasa, fasto ya zauna da dattawa da iyalai, a rubuta wanda yake kwance a kowane wuri. Sa'an nan a cika ramin da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, a haƙa magudanar ruwa. Isra'ilawa sun ɗauki ƙasusuwan Yusufu daga Masar har Shekem. Masu bi na farko a ƙauyukanmu ma sun cancanci wannan kulawa.