Tarihin Gahawar Maraba a Ƙasar Ruwanda

A aji an koya mana cewa Ruwanda na noman gahawa. Sai da aiki ya kai ni Maraba, kusa da Huye, na san tarihinta.

'Yan mishan Jamusawa ne suka shigo da ita a 1904, daga baya Turawan Beljiyam suka tilasta noma ta. Kowa a gida yake ɓare tasa, ya shanya a ƙasa, ya sayar a wulaƙance. Farashi ya faɗi a 1989, kisan ƙare-dangi na 1994 kuma ya ƙarasa gonakin.

A 1999 ƙananan manoman Maraba suka kafa ƙungiyar Abahuzamugambi, a 2001 suka sami wurin wanke gahawa. Na ga yadda ake kawo 'ya'yan ranar da aka tsinke su, a zuba a ruwa, a kwashe masu tasowa sama, a ɓare, a bar su su kwana, a wanke, a shanya bisa gadaje, mata na tsince ɓatattu. Ba a jima ba kamfanonin Ingila da Amurka suka zo saye da daraja.

Gonakin dai su ne na jiya, hannu ne ya haɗu. Allah Ya sa ƙungiyarmu ta yi koyi.