Ba a ɗaure ƙafar mota tana rataye

Tun da samarin Kaduna da Kano da Abuja suka ɗauko wasan mota da tsofaffin BMW, kalma ɗaya nake ji a bakin duk wanda ya shigo garejina: foli. "Baba, a cire min robar baya gaba ɗaya a sa foli, mai taurin nan." Ya riga ya sayo ta intanet, ga ta a kwali, wata shuɗiya wata baƙa. In ka tambaye shi wane bushin ne ya mutu, sai ya tsaya yana kallonka. Shi dai ya ji an ce abin da ya fi tauri shi ya fi riƙe mota a kwana. Ni kuwa na kusa ajiye sufana, gwiwa ta daina son rami, don haka gara in faɗi abin da na tarar tun da sauran masu tunawa.

Maigidana yana cikin waɗanda suka yi aiki a Kakuri lokacin da aka fara haɗa Fijo 504 a Kaduna a 1975, daga baya ya fito ya buɗe garejinsa. Mutum ne marar yawan magana, amma akwai abu ɗaya da yake mari a kansa: ka ɗaure notin bushin mota tana kan jak. A wurinsa in an canza bushin na ƙafar baya, sai a sa notin a bar shi sako-sako, a mayar da taya, a sauke mota, a tura ta kan rami. Sannan a kawo buhunan yashi da ke jingine a bango don wannan aikin kaɗai, a jera a kujeru da but. Ranar da ya ga buhunan sun yi nisa, mu yara ne buhunan. "Kai da kai, ku shiga baya. Kada wanda ya motsa." Sai ya girgiza motar ta zauna daidai, ya sauka rami da fitilarsa, a lokacin ne zai ɗaure.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, sai dai yanzu ba a koyar da shi. Robar bushin na kamfani a manne take da bututun ciki da gwangwanin waje. Ba ta juyawa a kan kusa, murɗewa take yi ta dawo. In ka ɗaure ta ƙafa tana rataye, da zarar mota ta sauka ƙasa robar ta riga ta murɗu, kuma a haka za ta kwana ta wuni. Ta faɗa rami ɗaya a hanya, murɗa ta hau kan murɗa. Kafin damina ta zagayo ta tsage, mai mota ya dawo yana zagin mai sayar da kaya. Maigida yakan ja layi da alli daga gwangwani zuwa bututu bayan ya ɗaure, ya ce a ɗaga motar mu ga yadda layin ya karkace, a sauke mu ga ya miƙe. Darasin ke nan, bai taɓa ƙara kalma a kai ba. Haka kuma bai yarda baƙin mai ko giris ya taɓa roba wajen shigar da ita ba. Ruwan sabulu kawai, domin mai yana cin roba, ya kumbura ta ta yi laushi.

A bangon garejin akwai wani hoto da hayaƙi ya dafe, 504 tana keta laka a tseren Safari na Kenya. Ove Andersson ya ci tseren da ita a 1975, Jean-Pierre Nicolas ya sake ci a 1978 da mai ƙofa biyu, mai injin V6. Duk direban da ya ce a saka masa abu mai tauri don motarsa ta yi ƙwari, maigida yakan nuna masa hoton da haɓa ya ci gaba da aikinsa. Ƙafar da za ta yi tafiyar ƙasar nan sai tana da inda za ta ba da kai. Kuma 504 ɗin ma ba iri ɗaya ba ce a baya: salun ɗin da muka fi gani kowace ƙafa zaman kanta take, wagon kuwa aksul ɗaya ne mai sifirin biyu a kowane gefe, a-kori-kura kuma sifirin ɗin faranti. Kowace da yadda ake lallaɓa ta.

Wannan ya tuna min masu yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota a Panteka. Mutum zai zauna da wuƙa da ƙarfen huda, ka miƙa masa tsohon, ya dube shi sau ɗaya ya fitar maka da sabo kafin ka gama shan shayi. A idon sifirin ɗin a-kori-kura da kan shokozoba, wallahi wasunsu sun fi na kwali daɗewa. Amma maigida bai taɓa bari a sa shi a ƙafar salun ba, don ba a manne yake da komai ba, yawo yake yi, taya ta bi shi.

Shekaru da yawa bayan ya rasu na fara buɗe littafin gyaran BMW, na tarar Jamusawa sun rubuta cewa kafin a auna ƙafa ko a ɗaure ta, a cika tanki, a sa kilo 68 a kowace kujerar gaba, wani 68 a tsakiyar ta baya, da ɗan nauyi a but. Na yi dariya ni kaɗai. Buhunanmu ne, an dai ɗora su a sikeli.

Ba na ƙin foli, kada a yi min ƙazafi. Abu ne mai tarihi, tun 1937 Otto Bayer ya haɗa foliyuretan a Jamus, kuma yana da wurinsa a mota. Ana sayar da shi da lambar tauri, 80A na titi, 95A na fagen tsere, duka sun fi robar kamfani. Ba ya jin tsoron mai, ba ya ruɓewa da wuri. Amma aikinsa daban ne da na roba: ba ya murɗewa, juyawa yake a kan bututu, shi ya sa ana iya ɗaure shi mota tana sama. Wannan da na'urar ɗaga mota su suka kashe ramin. Yaro ya saba da foli da bindigar noti, ranar da roba ta zo hannunsa sai ya yi mata irin ɗaurin da ya sani. Kuma tun da juyawa yake, sai da giris. A hunturunmu ƙura takan shiga ta haɗu da giris ɗin ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta cinye shi daga ciki. Ƙarar da samari ke ji a kan kowane tudun rage gudu, suna cewa shokozoba ne, yawanci daga nan take.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce ta wace fuska wannan gaɓar take motsi. A BMW E30 ƙafar baya tana lilo a kan bushin biyu da ke layi ɗaya, sama da ƙasa kawai, foli yana zama lafiya a can. A ƙarfen hana tangaɗi ma haka. Amma E36 da aka fara a 1990, da E46 da ta biyo ta a 1998, doguwar ƙafar bayansu bushin ɗaya ne ke riƙe da ita daga gaba, kuma dole ya karkata gefe yayin da taya ke hawa da sauka. In ya mutu, bayan mota yana tuƙa kansa, ka taka totur ta ja nan, ka saki ta ja can. Nan ne samarin suke garzayawa su sa mafi tauri. Ƙafar ta cije, ta daina bin ƙasa yadda ya kamata, nauyin duk ya koma kan kusoshi uku da ke riƙe da mazauninsa a jikin bodi, wata rana wurin ya yage. Ni abin da nake sawa a nan robar M3 ce da faifai biyu a gefe da ke hana ta zamewa. Wanda motarsa ba ta hawa titi sai fage, ya sa boris mai ƙwallo, amma mai rufi, in ba haka ba ƙura za ta gama da shi.

Bushin Delrin da na alminiyam kuwa na inda ba a son motsi ne sam, wato mazaunin gadon da ke ɗauke da aksul. Suna sa mota ta amsa totur nan take, kuma suna kawo maka kukan giya har cikin kujera. Mai iyali ba zai jure ba. A E46 ma akwai abin da ya fi wannan: bodinta an san shi da tsagewa daidai inda gadon nan yake ɗaure. Duk wanda ya kawo min ita, sai na sauke gadon na goge wurin na duba da fitila, in da tsaga mai walda ya ƙara faranti, kafin a yi maganar wane bushin. Da yawa ba sa son jin haka. Su tafi wani gareji inda za a ƙone tsohon da wuta a buga sabon da guduma kafin la'asar.

Inda na ba samarin gaskiya shi ne kasuwa. Robar Beljiyam da ake cirowa daga mota mai shekara ashirin da ɗoriya ta riga ta bushe tun a can. Ta kwali mai arha kuwa ka matsa ta da farce ka ji ba roba ba ce ta kirki. Ta gasken kuwa tsadar dala ta sa ta fi ƙarfin yaro, ga foli yana samuwa a waya. Wanda ya zaɓe shi saboda haka ban ga laifinsa ba, in dai ya san gaɓar da zai sa shi da wadda zai bari.

Ramin garejina yana nan, ban cike shi ba duk da mai fili ya so a yi shago a wurin. Buhunan ne suka ruɓe ban sake cikawa ba. Yaran da ke koyo a hannuna yanzu su nake sawa su shiga, uku ko huɗu, suna gunaguni wai a sauran garejoji ba a yin haka. Sukan zauna suna latsa waya har in gama ɗaurewa, abin da bai dame ni ba tun da nauyinsu nake so.