Wa Ke Yanka wa Gyaɗar Shanono Farashi?

Hoton dalar gyaɗa ta Kano yana cikin littattafan makaranta, yana rataye a bangon ofisoshi, 'yan siyasa kuma ba sa gajiya da alƙawarin dawo da ita. Abin da hoton bai nuna ba shi ne gonakin da buhunan suka fito. Daga jigayin karkara aka ɗebo su, irin na ƙasar Shanono da Bagwai da Gwarzo da Bichi, a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci. Manomin Faruruwa ko Kokiya ko Tsaure wanda bai taɓa ganin teku ba ya fi shekara ɗari yana cikin cinikin duniya tsundum, amma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa zama da shi ba ranar da ake yanke abin da za a biya shi.

Shanono tana yamma maso arewa da birnin Kano, dab da iyakar Jihar Katsina, a yankin da gona ke manne da gona. Jama'a sun yi yawa, ƙasa ba ta samun hutu, don haka da taki ake riƙe ta: na shanu, na awaki, da tokar murhu, ana kai su a mangala tun da rani. Gero da dawa su ne abinci, wake da gyaɗa ana sa su a tsakanin kunya. Gyaɗa kuwa daɗaɗɗiya ce a wurin tun kafin zuwan Turawa. Mata na matse mai, suna soya ƙuli-ƙuli, harawa kuma ta dabbobi ce. Kayan gida ce da kasuwar ƙauye, ba wanda ya ɗauke ta abin da zai cika jiragen ruwa.

Turawan mulkin mallaka ma ba ita suka zo nema ba. Auduga suke so. Masaƙun Lankasha a Ingila sun gaji da dogara ga audugar Amurka, sai aka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902 don ta samo musu wata hanya, aka kuma ɗora buri mai yawa a kan ƙasar Hausa. Wannan buri yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo har ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Sai lissafi ya ƙi. Masaƙa da marina na ƙasar Kano suna biyan auduga fiye da abin da Bature ya yanka, saboda haka ba ta da dalilin hawa jirgi. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi, ga kuma masu yin sabulu, sai neman gyaɗa ya tashi. Manomi ya duba da kyau: gyaɗa tana son ƙasa mai yashi, tana ƙara wa gona ƙarfi, ba ta hana gero, kuma in kasuwa ta ƙi, ana iya cin ta. A 1913 an fitar da kusan ton 19,000, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Ba jami'in gona ne ya tsara haka ba, talaka ne ya yi lissafinsa, ya kuma yi daidai. Ko yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta ci rayuka masu yawa, ba ta kashe cinikin ba.

Waɗanda suka haɗa ƙauye da kamfanonin Turawa su ne tsoffin fataken goro, masu jari da yara a kowace kasuwa: Alhassan Ɗantata, Umaru Sharubutu, Maikano Agogo da ire-irensu. Ɗantata ya zama wakilin saye na Kamfanin Neja a 1918, kuma sunansa ne aka fi haɗawa da jera buhuna su zama dala. Kamfani ya ba babban wakili kuɗi, wakili ya rarraba wa 'yan baranda, su kuma su shiga ƙauyuka da sikeli da buhu, wani lokaci su ba da bashi tun gyaɗa tana ƙasa. Daga ɗaya gefen ga dagaci da mai unguwa suna jiran haraji, wanda dole a biya da kuɗin Bature, kuma karɓarsa tana faɗowa ne da kaka, lokacin da kowa ya fito da kaya farashi ya sauka. Mai gidan da ake bi haraji ba shi da ikon ajiye gyaɗarsa ya jira ta yi tsada. Wannan shi ne sa hannun gwamnati na farko a cinikin, ko da yake ba a kira shi da wannan suna ba.

A 1929 manyan kamfanonin Ingila biyu suka haɗe suka zama UAC, a ƙarƙashin inuwar masu kamfanin sabulu na Lever. A shekarar kuma kasuwannin duniya suka durƙushe, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka yadda farashi ya sauka ba. Kamfanonin Turawa suka riƙa haɗa baki a kan abin da za su biya, sai ɗaiɗaikun 'yan kasuwa irin su Saul Raccah, mutumin Tarabulus, suke karya musu shiri ta hanyar ƙara kuɗi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya shigo da gwamnati da ƙafa biyu. Da Japan ta kame Malaya da tsibiran Indunusiya a 1942, Ingila ta rasa manja da kwakwar da take samu daga can, sai ta kafa hukuma guda ta riƙa saye gyaɗa da sauran kayan mai na Afirka ta Yamma a farashin da ta ga dama, tana sayar wa Ma'aikatar Abinci ta London. An ce dokar yaƙi ce. Yaƙi ya ƙare, doka ta zauna. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aka raba hukumomin bisa yankuna, ta Jihar Arewa ta gaji gyaɗa da auduga. Daga nan ba mai ikon fitar da ƙwayar gyaɗa ɗaya zuwa ƙetare sai hukuma, ba kuma mai saye don fitarwa sai wanda ta ba lasisi.

Hujjar da aka kawo tana da nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. An ce farashin duniya hawa da sauka yake yi, manomi ba zai iya jurewa ba. Hukuma za ta riƙe wani abu a shekarar tsada, ta cika masa a shekarar araha. Mutanen da suka sha wuyar shekarun 1930 sun san darajar a sanar da farashi kafin kaka, a kuma sa masu duba kaya da awo don rage cutar 'yan baranda. Matsalar ita ce riƙewar ta yi yawa, mayarwar ta yi kaɗan. Zuwa 1954 hukumomin cinikin Nijeriya sun tara rarar da ta kai kusan fam miliyan 120, aka adana kaso mai tsoka a London, inda ya taimaka wa Ingila ta tallafi kuɗinta bayan yaƙi. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya soki tsarin a littafinsa na 1954 kan cinikin Afirka ta Yamma. Wani masanin, Gerald Helleiner, ya lissafa cewa daga 1947 zuwa 1961 harajin fitarwa da rarar hukuma sun cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa. Ma'ana, cikin kowane buhu huɗu da aka ɓare a tsakar gida a Leni ko Alajawa, ɗaya na hukuma ne, bayan harajin da mai gida ya riga ya biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kanta dalar akwai abin da ba a cika faɗa game da ita ba. Ana cewa dala ɗaya kan ɗauki buhu kusan 15,000, kuma gwanintar leburorin da ke jera ta abin yabo ce. Sai dai dalilin tara ta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashewa. Layi ɗaya ne zuwa Ikko, kawunan jirgi da taragu sun tsufa a lokacin yaƙi, gyaɗar bana takan tarar da ta bara, ƙwari suna ci. A waɗannan shekarun ne gwamnatin Ingila ta zuba fiye da fam miliyan 30 a shirin noman gyaɗa da manyan injuna a Tanganyika, wanda aka fara a 1947 aka watsar a 1951 ba tare da an samu abin kirki ba. Gyaɗar da ake nema tana jibge a Kano, manomi ya riga ya noma ta da fartanya, taragu kawai take jira.

Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gaji asusun, ta mai da shi jarin raya Arewa. Kuɗin hukumar sun shiga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da hukumar raya yankin, da ayyukan ilimi a zamanin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ba zan ce asara aka yi ba. Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko da masana'antu, kuma ba ta da wata rijiyar kuɗi sai gona. 'Ya'yan manoma da yawa sun yi karatu da wannan kuɗi. Abin da ke damuna shi ne rabon: gine-ginen sun tsaya a Kaduna da Zariya da birnin Kano, ƙauyukan da suka biya kuwa sun daɗe suna jiran hanya da asibiti da ruwan sha. Lasisin saye ma ya zama abin siyasa, yana bin masu kusanci da jam'iyyar NPC mai mulki. Ba mamaki da kiran Malam Aminu Kano da NEPU, wadda aka kafa a 1950, ya samu kunne a karkarar Kano, kuma ba mamaki da soke haraji da jangali ya zama cikin ayyukan farko na Gwamna Abubakar Rimi a 1979.

Manomi yana da tasa amsar, kuma iyaka ce. Faransa ta daɗe tana sayen gyaɗar ƙasashen da ta mallaka a farashin da ya ɗara na duniya, Nijar kuma ta kafa nata kamfanin saye, SONARA, a 1962. Duk shekarar da farashin Maraɗi ko Damagaram ya fi na Kano, sai gyaɗa ta bi dare ta ratsa ƙasar Katsina da Daura ta haura. In lissafi ya juya, ita ma ta juyo. Hukuma ta kira shi fasa-ƙwauri. Ga masu yi kuwa, hanyar kakanni ce wadda ta girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata.

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, hukuma ta taɓa sayen kusan ton miliyan ɗaya a kaka guda. Rushewar ba ta ɗauki shekara goma ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki. A 1975 cutar rozet, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ta lalata kusan hekta 700,000, har iri ya yi wuya. Man fetur ya riga ya zama abin da gwamnati ke ci, naira ta yi ƙarfin da ya sa kayan waje suka fi araha, samari suka nufi birni. Farashin hukuma ya koma ƙasa da abin da mai ƙuli-ƙuli da masu injin matsar mai ke biya, sai manomi ya daina kai mata. Gwamnatin Obasanjo ta kafa sabuwar Hukumar Gyaɗa mai hedikwata a Kano a 1977, lokacin da babu sauran abin fitarwa. A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin gaba ɗaya.

Rushewar ta cire wa manomi takunkumi, ta kuma tafi da masu duba ingancin kaya da tabbacin mai saye. Har yau ana noman gyaɗa sosai a ƙasar Kano, cibiyar binciken noma ta Samaru tare da cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa ICRISAT sun fitar da iri masu jure rozet irin su SAMNUT 24, amma mafi yawanta a gida ake cinyewa. Kasuwar Turai tana da tsauraran ƙa'idoji kan gubar afalatoksin da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba. Haka aka yi da wake: Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa wajen ajiya.

Gwamnati kuwa ba ta janye hannu ba, salo ta canza. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da sunan kare noman shinkafa. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau, inda hatsin yankin Shanono ke sauka, sun ji a jikinsu. A Yulin 2024 aka sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, don rage tsadar abinci a birane. Yunwar birni gaskiya ce, kuma dole gwamnati ta duba ta. Amma an sanar da matakin ne a tsakiyar damina, bayan manomi ya ci bashi ya sayi taki da tsada ya zuba a gona. Da farashin hatsi ya sauka a 2025, kuɗin buhun taki bai biyo shi ba, kuma ba a ware wa wanda ya yi shuka da tsohon lissafi ko sisi na diyya ba.