Yadda za ka zaɓi feda wa keke mai giya ɗaya da keken fiksi

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, samarinmu da yawa sun koma kan keke. Wani kai abinci yake yi gidaje da ofisoshi, wani aike, wani kuma kuɗin mota ne ya fi ƙarfinsa. Ni ma ina cikinsu. Mahaifina fataucin shanu yake yi a Abbatuwa ta Oko-Oba da ke Agege, ni kuma da keke nake kai wa masu gidajen abinci nama da sassafe.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani tabo ne da ke ƙwaurina na dama. Na sayi keken gwanjo, ban san fiksi ba ne sai da na hau. Fedarsa ta roba ce da ta riga ta suɗe. Ranar an yi ruwa, ƙasan takalmina duk kashin shanu da caɓi, ina gangarowa daga wata gada ƙafata ta zame. Feda ba ta tsaya ba, ta zagayo ta daki ƙwaurina, na zube da kayan mutane a titi. Sati biyu ban fita aiki ba, kuma Baba ne ya biya kuɗin naman. Da ya zo duba ni abin da ya ce kawai shi ne, "Kai da ka san ba a sayen sa sai an duba kofato, ka sayi keke ba ka duba wurin taka ƙafa ba?" To daga nan na shiga bin masu gyaran keke da tambaya. Ga abin da na tara.

Bambancin kekunan biyu

Keke mai giya ɗaya shi ne wanda muka taso da shi, irin su Raleigh da Phoenix. Faranti ɗaya a gaba, ƙaramin haƙori ɗaya a baya, kuma akwai firiwil. Firiwil ɗin ne ke ba ka damar daina tuƙi keke ya ci gaba da tafiya, kana jin yana ƙas-ƙas-ƙas.

Fiksi kuwa babu firiwil. Haƙorin baya a ɗaure yake da taya, don haka muddin taya na juyawa feda ma tana juyawa, ko ka so ko ka ƙi. Asalinsa keken tsere ne na fili mai zagaye, irin filin da aka gina a babban filin wasa na Abuja don gasar Afirka ta 2003. Irinsa ne Ese Ukpeseraye ta ara a hannun 'yan Jamus ta yi wa Najeriya tsere a gasar Olamfik ta Faris a 2024.

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga tayar baya ka juya feda da hannu ka saki. In feda ta tsaya taya na gudu, mai firiwil ne. In ta ci gaba da bin taya, fiksi ne. Akwai kuma wanda cibiyar tayarsa ke da haƙori gefe biyu, ɗaya firiwil ɗaya fiksi, sai ka juya tayar ka zaɓi wanda kake so. Sannan a cikin kekunan tokunbo akwai mai birki a feda, wanda in ka taka baya sai ya tsaya. Wannan ba fiksi ba ne, kar a ruɗe ka.

Me ya sa fedar fiksi ta fi muhimmanci? Ɗauki keke mai haƙora 46 a gaba, 16 a baya. Duk zagaye ɗaya na feda kusan mita 6 yake ci. In ka kai gudun kilomita 40 a awa a gangara, feda na zagayawa kusan sau 110 a minti ɗaya. A keke mai firiwil, ƙafarka ta zame sai ka mayar. A fiksi kuwa ƙarfe ne ke shawagi a ƙarƙashinka, neman mayar da ƙafa shi ne neman rauni.

Girman haƙoran ɗauri

Wannan ne farkon abin dubawa, don a nan mutane suka fi asara. Wurin da feda ke shiga hannun feda girma biyu ne a kasuwa. Akwai 9/16 na inci, wato kamar milimita 14.3, shi ne a kusan duk keken manya. Akwai kuma rabin inci, milimita 12.7, wanda ake samu a kekunan yara da waɗanda hannayen fedarsu biyu ƙarfe ɗaya ne a lanƙwashe ya ratsa ta cikin keken. Tsofaffin kekunan Faransa suna da nasu na milimita 14, wanda ya yi kama da 9/16 amma ba ɗaya ba ne. In ka ga an rubuta D da G a jikin feda maimakon R da L, to ka yi hattara. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwance tsohuwar ka tafi da ita shago a gwada.

Na biyu, feda tana da dama da hagu. Ta dama, mai R, ana ɗaure ta kamar kowane noti. Ta hagu, mai L, haƙoranta a juye suke, an yi haka ne don kada tuƙi ya riƙa kwance ta. Ga dabarar da ba ta ɓata: ka sa sifana ta sama, in ka tura wajen tayar gaba ɗaurewa kake, in ka ja wajen tayar baya kwancewa kake, kuma haka yake a kowane gefe. Sifana mai lamba 15 ake amfani da ita, wasu kuma alanki mai lamba 6 ko 8 ta bayan hannun. Shafa giris kaɗan, ka fara ɗaurawa da yatsu. In ta cije tun farko, tsaya, kar ka sa ƙarfi. Hannun feda na alminiyam laushi gare shi, in haƙoransa suka cinye sai dai ka sayi sabo.

Ire-iren feda

Fedar roba ta gargajiya. Ita ce mai sandunan roba biyu da ƙarfe a tsakiya. Tana da araha, kowane mai gyara na da ita, ba ta cin takalmi, ko da silifas za ka taka. Ga mai giya ɗaya da ke yawo cikin unguwa ta isa. Matsalarta santsi in ta jiƙe, kuma damina a kudu ba wasa ba ce. A fiksi kam ban yarda da ita ba.

Ta ƙarfe mai haƙora kamar zarto. Ta fi riƙe takalmi, tana daɗewa, kuma yawanci tana da huji a gaba da za a ɗaura mata keji. Kamfanin MKS na Japan ya yi suna a irin wannan. Amma in ta daki ƙwauri sai ta yanka, kuma da takalmi mai siririn ƙasa za ka ji tana cin tafin ƙafa in tafiya ta yi nisa.

Mai faɗi da ƙusoshi. Wannan daga kekunan BMX da na hawan dutse ta fito. Faɗinta kamar santimita 10 kowane gefe, da ƙananan ƙusoshi da ke kama ƙasan takalmi. Akwai ta roba mai tauri, akwai ta alminiyam. Ga mai giya ɗaya da ke ɗaukar kaya, ni dai ita na fi so. In ka tashi tsaye kana taka hawa, tunda ba ka da giyar da za ka sauke, duk nauyinka a kan feda yake, to faɗin nan ne ke tare ka.

Mai keji da maɗauri. Keji ne na ƙarfe ko roba da ke rufe kan yatsu, da siririn maɗauri na fata ko nailan. Shi 'yan tsere suka yi amfani da shi shekara da shekaru. Keji yana da girma-girma, sai ka zaɓi wanda zai sa tudun da ke bayan babban yatsanka ya zauna daidai kan sandar feda. Shigar da ƙafa sai an koya, don nauyin kejin yana kifar da feda, sai ka shure ta da yatsa ta juyo. A fiksi kuma tana tafiya za ka yi hakan.

Mai faffaɗan maɗauri. Wato fedar nan mai faɗi, a zura mata ɗamara mai mannewa ta rufe saman ƙafa. Tana karɓar kusan kowane rufaffen takalmi, ba ta goge shi kamar keji, kuma ja da baya kawai za ka yi ƙafa ta fito. Duba fa cewa fedar na da ramukan da ɗamarar za ta ratsa, ba kowace ke da su ba. Ita nake amfani da ita yanzu.

Mai makulli. A nan akwai ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi na musamman, ka taka ya kulle, ka murɗa diddige waje ya buɗe. Kamfanin Look na Faransa ne ya fito da ita a 1984, Shimano kuma ya kawo tasa mai suna SPD a 1990. Mai noti uku ta 'yan tsere ce, tafiya a ƙasa da takalminta wahala ce. Mai noti biyu irin SPD ƙarfen yana nutsewa cikin takalmin, ana iya tafiya. In fiksi za ka sa wa, nemi ƙarfe mai lamba SH51 da ke fita ta gefe kawai. SH56 yana fita ko ta sama ka fizga, kuma a fiksi fizgar sama ce aikin. Riƙonta ya fi na kowace, amma ga tsada, ga dole sai takalmi ɗaya. Mutumin da ke sauka sau ashirin a rana, ya hau bene da kaya, ya cire takalmi a ƙofar masallaci, gaskiya ba tasa ba ce. Caɓin kara ma yana toshe makullin.

Wa zai sayi wace?

In keken mai firiwil ne da birki gaba da baya, ba ka buƙatar abin da zai ɗaure maka ƙafa. Mai faɗi da ƙusoshi ta wadatar, musamman a go-silo irin na Legas, Ibadan ko Onitsha inda kowane minti sai ka sauke ƙafa. Mai birki a feda shi ma haka, maɗauri zai dame ka ne kawai, tunda ba za ka iya juya fedar baya ka daidaita ta ba.

In fiksi ne, dole a sami abin riƙe ƙafa, ko ɗamara, ko keji, ko makulli. Da shi ne kake danne ƙafar baya kana jan ta gaba don rage gudu. Kuma ko da shi, ka sa birkin gaba. Samarin da kake gani a bidiyo suna gudu ba birki, ba tsakanin danfo da tirela suke ba. Sarƙa na iya zamewa, kuma a keken da babu birki, in ta zame shi ke nan.

Kwana da bugun ƙasa

A keke mai firiwil, in za ka sha kwana sai ka ɗaga fedar ciki sama. A fiksi ba hali, dole ta sauko kana karkace. In ta taɓa kwalta ko gefen kwalbati, tayar baya ɗagawa take yi. Shi ya sa masu fiksi ke son siririyar feda da ba ta fito waje da yawa ba, da gajeren hannun feda na milimita 165 maimakon 170 ko 175. Tsawon yana rubuce a bayan hannun, kusa da hujin feda. Wanda ya mayar da tsohon keken titi fiksi ya fi kowa buƙatar kula da wannan, don cibiyarsa ta fi ta keken tsere kusa da ƙasa. Ka kuma gwada ko kan takalminka na taɓa tayar gaba in ka karya kan keke sosai, don keji na ƙara tsawon ƙafa.

Abin dubawa a shago

Riƙe sandar ka juya fedar. In kana jin kamar yashi a ciki, boris ya mutu. Girgiza ta gefe da gefe, kada ta yi wasa. In ta gwanjo ce, kalli sandar da kyau ko ta lanƙwashe, ka duba haƙoran ko sun cinye. Mai boris a buɗe ana iya kwance ta a wanke a sa giris, wannan riba ce a garin ruwa. Mai rufaffen boris ta fi hana ruwa shiga, amma in ta mutu ba kowane mai gyara ke da kayanta ba. In kana fita da asuba kamar ni, nemi mai ɗan madubin nan ruwan ɗorawa da ke ƙyalli in fitilar mota ta haska. Farashi kuwa yana bin dala, ka zaga shago biyu uku kafin ka biya.

Sauran hattara

Kar ka hau fiksi da silifas. Cusa igiyar takalmi ciki, ka naɗe ƙafar wandon dama, in jallabiya ce ko dogon kaftani ka tattare. Duk abin da sarƙar fiksi ta kama ba ta saki, keken ba zai tsaya don kai ba. Haka in kana goge sarƙa, kada ka sa yatsa taya na juyawa.

In ka sa sabuwar ɗamara, nemi fili da ba mota, ka bar ta sako-sako, ka yi ta sa ƙafa kana cirewa har ƙafar ta saba da kanta. Ni kwana uku na yi ina wannan a bayan kara, yara na yi mini dariya, kafin na koma titi. Bayan sati ɗaya ka sake bin fedar da sifana, don sabuwa takan ɗan saki.

Duk wanda ke da ƙani ko yaron gida da ya fara aikin keke, don Allah a duba masa fedarsa yau. Allah Ya tsare mu a hanya.