Munduwar azurfa

Munduwar azurfa wani nau'in kayan ado ne da mata ke sakawa a wuyan hannu, wanda maƙeran fari ke ƙerawa daga azurfa. Akwai rufaffiya wadda ake zura hannu a cikinta, akwai kuma mai buɗaɗɗen baki wadda ake shigar da ita ta gefen hannu. A kan irin ta biyun aka fi ɗora dutsen ado, domin tana da faɗin da zai ɗauki gidan dutsen. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, har da garuruwan bakin Kogin Kwara irin su Yawuri, munduwar azurfa ado ce kuma ajiya ce, tunda mai ita na iya sayar da ita bisa nauyinta idan buƙata ta taso. Don haka darajarta ta dogara ne a kan abu biyu: tsabtar azurfar da ingancin aikin maƙerin.

Asalin kalmomi

Jam'in munduwa shi ne mundaye. Ta bambanta da awarwaro, wanda siriri ne kuma akan jera da yawa a hannu ɗaya, ta kuma bambanta da ƙarau da ake yi da gilashi. Masana harshe na ganin cewa Hausa ta aro kalmar azurfa ne daga Tamashek, harshen Abzinawa, inda ake kiran wannan ƙarfe azref. Wannan aro ya dace da hanyar da azurfar ta riƙa biyowa, wato daga arewa ta cikin Sahara.

Hausawa sun kasa ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu aikin baƙin ƙarfe, kamar fartanya da gatari da lauje. Maƙeran fari kuwa su ke aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Kalmar sinadari ma, wadda a yau ake amfani da ita a fannin kimiyya da girki, tana da alaƙa da wannan sana'a, domin daga cikin ma'anoninta a ƙamusoshin Hausa akwai haɗin ƙarfen da ake liƙa ƙarfe da ƙarfe da shi.

Tarihi

Ba a san ƙasar Hausa da ma'adinin azurfa mai yawa ba, saboda haka maƙera sun dogara ne da kuɗin azurfa da fatake ke shigowa da su. Mafi shahara a cikinsu shi ne riyalin Mariya Tereza na ƙasar Ostiriya. Duk wanda aka buga bayan rasuwar sarauniyar yana ɗauke da shekarar 1780, nauyinsa kimanin giram 28 ne, kuma kashi 83.3 cikin 100 na jikinsa azurfa ce. Da yake nauyinsa da tsabtarsa ba sa canzawa, ya zama ma'auni tsakanin maƙeri da mai ba da aiki. Mace kan kawo riyali biyu ko uku a narka, kuma ta san nauyin da ya kamata a dawo mata da shi.

Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a shekarar 1851, ya rubuta cewa azurfar da ke shigowa birnin ba ta da yawa, amma maƙeran sun gwanance wajen yin zobba da mundayen ƙafa da ita. A zamanin mulkin mallaka an kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, kuma sulallan azurfa da ta fara bugawa a 1913 sun zama wata sabuwar hanyar samun ƙarfen. Daga 1920 aka maye gurbinsu da sulallan tagulla, sai tsofaffin suka ƙara tsada a wurin maƙera.

A yankin Yawuri

Birnin Yawuri, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, shi ne tsohon babban birnin masarautar Yawuri kafin fadar ta koma Yelwa a 1888. Masarautar tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin ayarin goro da suka tashi daga Kano, suka ƙetare Kogin Kwara, suka ratsa Borgu zuwa Gwanja. Fataken wannan hanya ba tufafi da kanwa kaɗai suke ɗauka ba, suna tafe da duwatsun ado da kayan ƙarfe masu sauƙin ɗauka da tsada. Kogin kansa hanya ce ta biyu. Daga yankin da yanzu yake cikin Jamhuriyar Nijar ne fataken Hausawa suka riƙa sauko da jan dutsen nan da ake kira lantana zuwa Ilori, inda ake fere shi a huda shi ya zama dutsen wuya.

Ƙasar Yawuri ta fi suna da zinariya fiye da azurfa, kuma har yanzu ana haƙar ta da hannu a kewayen Birnin Yawuri. Al'ummomin masarautar sun haɗa da Yawurawa da Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Lopawa. Kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ya sa ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka da dama, aka sake wa dubban mutane matsuguni, kasuwannin bakin kogi kuma suka sauya wuri. A irin wannan ƙaura, kayan ado na ƙarfe na daga cikin dukiyar da iyali ke iya tafiya da ita ba tare da ta lalace ba.

Kayan aiki

Maƙerin fari na amfani da uwar maƙera ƙarama, da guduma iri-iri, da awartaki, da magagari, da kurfi don zane, da ƙaramar tukunyar yumɓu ta narka ƙarfe, da gawayi da zugazugi. Da yawa a yanzu sun ƙara da wutar gas da ƙaramin zarto da sikeli mai nuna giram.

Tsantsar azurfa tana narkewa a zafin digiri 962 na ma'aunin Salsiyos, kuma tana da taushin da bai dace da munduwa ba. Saboda haka ake gauraya ta da jan ƙarfe. Haɗin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne kashi 92.5 na azurfa da kashi 7.5 na jan ƙarfe, wanda ake yi wa hatimin 925.

Dutsen da aka fi ɗorawa shi ne aƙiƙ ja ko mai ruwan ƙasa. Shekaru aru-aru ana kawo shi Afirka daga garin Kambat na Indiya, sannan a ƙarni na 19 masu sana'ar dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga kasuwar. Ana kuma amfani da murjani da gilashi mai launi. Dutsen da ya fi sauƙin ɗorawa shi ne wanda ƙasansa ke shafe, samansa kuma a dunƙule kamar rabin ƙwai.

Yadda ake ƙerawa

Aikin yana farawa da awo. Maƙeri kan auna wuyan hannun mai munduwar da zare, ya rage kimanin santimita biyu da rabi zuwa uku na buɗaɗɗen bakin. Ga babbar mace, tsawon ƙarfen kan kama daga santimita 14 zuwa 16. Munduwa mai tsawon santimita 15, faɗin santimita 2 da kaurin milimita ɗaya da rabi tana cin kimanin giram 46, wato riyali biyu sun ishe ta.

Ana narka azurfar a zuba ta a dogon gurbi da aka shafa wa mai, ta fito kamar ƙaramar sanda. Daga nan sai bugu a kan uwar maƙera har ta baje. Bugu yana taurara azurfa, kuma idan aka ci gaba ba hutu za ta tsage. Don haka maƙeri kan mayar da ita wuta lokaci zuwa lokaci har ta yi ja kaɗan, ya bar ta ta ɗan huce, ya tsoma a ruwa, sai taushinta ya dawo. Idan ta kai kaurin da ake so, sai a daidaita gefunanta da magagari, a dakusar da bakunan biyu don kada su yanki fata. A wannan mataki ake yin zane da kurfi, tun ƙarfen yana miƙe. Zanen da aka saba gani ya haɗa da layuka da ɗige-ɗige da kusurwa uku da dagi.

Gidan dutse shi ne mataki mafi wuya. Ana yanko siririyar azurfa mai taushi, a naɗe ta a jikin dutsen, a yanke daidai inda bakunan suka haɗu, sannan a liƙe. Tsayin gidan kan wuce inda dutsen ya fara dunƙulewa kaɗan. Idan ya gaza ba zai riƙe dutsen ba, idan kuma ya yi yawa zai tattare ya rufe kyansa. Abin liƙin haɗi ne na azurfa da jan ƙarfe da tutiya, wanda ke narkewa kafin jikin munduwar ya narke. Ana shafa garin boraks a mahaɗar domin liƙin ya gudana. Da yake azurfa na saurin watsa zafi, dole a zafafa munduwar gaba ɗaya, in ba haka ba liƙin zai dunƙule a wuri guda.

Wasu maƙera kan liƙa gidan tun ƙarfen yana miƙe, su lanƙwasa daga baya suna kauce wa tsakiya. Wasu kuma kan fara lanƙwasawa a jikin gungumen itace ko ƙarfe da gudumar katako, sannan su goge gindin gidan har ya zauna daidai da lanƙwasar. Bayan liƙi ana dafa munduwar a ruwan alif ko ruwan lemun tsami domin baƙin wuta ya fita.

Dutse shi ne na ƙarshe, saboda wuta na iya fasa shi ko ta canza masa launi. Ana zaunar da shi a gidan, sai a riƙa danna bakin gidan a kansa daga ɓangarori masu fuskantar juna, gabas sannan yamma, kudu sannan arewa, kafin a bi sauran wuraren. Idan aka bi zagaye ɗaya tun farko, ƙarfen zai taru a gefe guda. A ƙarshe ana murje bakin da ƙarfe mai santsi, a goge munduwar har ta yi ƙyalli. Gida mai kyau ba ya buƙatar gam, kuma dutsen ba ya motsi idan aka taɓa shi.

Cibiyoyin sana'ar

A Kano ana samun kayan maƙeran fari a Kasuwar Kurmi. Birnin Bida na Jihar Neja ya yi suna da aikin tagulla da azurfa da duwatsun gilashi. A Jamhuriyar Nijar, maƙeran Abzinawa da ake kira inadan su suka fi shahara, musamman a Agadas, kuma abin wuyan nan na Ingal da ake ɗora wa jan dutse misali ne na haɗa azurfa da dutse. Sana'ar gado ce a yawancin waɗannan wurare, yaro kan fara da zuga kafin a ba shi guduma. Kayan ado masu araha da ake shigowa da su daga Indiya da Sin da Dubai sun rage wa maƙeran gida ciniki, har wasunsu suka koma gyara da yin zobba.

Matsayi a addini da al'ada

A shari'ar Musulunci mata na iya ado da zinariya da azurfa. Namiji kuwa zoben azurfa aka yarje masa, kuma a mazhabar Malikiyya an iyakance nauyinsa da dirhami biyu. A wannan mazhaba babu zakka a kan kayan adon da mace ke sakawa, amma idan an ajiye su ne don tattali ko ciniki, suka kai nisabin dirhami 200, wato kimanin giram 595, kuma suka shekara, zakka ta wajaba. Mundaye da awarwaro na daga cikin abubuwan da ake sakawa a lefe, kuma uwa kan bar wa 'yarta nata.

Gane ta gaskiya da kulawa

Hatimin 925 ba ya wadatarwa, domin ana buga shi a kan jabu. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, amma tagulla ma ba ta bi, haka nan farin haɗin nan na jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda babu azurfa ko kaɗan a cikinsa. Masu saye kan goga ɗan wuri a ciki da magagari. Idan ruwan azurfa kawai aka yi wa ƙarfen, launin ja ko rawaya zai bayyana. Gilashi kuwa sau da yawa yana da ƙananan kumfa a ciki, kuma ya fi aƙiƙ saurin karcewa.

Baƙin da azurfa ke yi da daɗewa ba alamar jabu ba ce, sinadarin farar wuta da ke cikin iska da gumi ne ke jawo shi, kuma yana fita da goga da tsumma mai laushi. Yawan buɗe munduwa da matse ta yana taurara tsakiyarta har ta karye, ko gidan ya saki dutsen. Ba a liƙa azurfa da dalma, domin idan aka sake sa ta a wuta dalmar na cinye ƙarfen, kuma hayaƙinta guba ne ga maƙeri da yaran da ke zaune a maƙera.

Duba kuma

Ƙira a ƙasar Hausa
Masarautar Yawuri
Kasuwar Kurmi
Lefe