Tsibiran Wuri: Yadda Maldif Ta Zama Makarantar Masu Nutso

A watan Janairun 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Tasawa, ya iske ana fama da ƙirgar wuri dubu ɗari biyar. A wancan zamani, a ƙasar Hausa ba a jera wuri a zare kamar yadda mutanen bakin teku suke yi. Zube ake ƙirga shi, ana jan biyar-biyar da yatsu har a tara keso guda, wato dubu ashirin. Da Barth ya shiga Kano a watan Fabrairu, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Akasarin wannan wuri ya fito ne daga wasu tsibirai da ke tsakiyar Tekun Indiya, kudu maso yammacin Siri Lanka, waɗanda fataken Kurmi ba su taɓa sa su a ido ba. Su ne tsibiran Maldif, inda a yau dubban mutane suke zuwa kowace shekara su goya tukunyar iska, su koyi numfashi a ƙarƙashin ruwa.

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,190, a zube cikin zobban murjani 26, kuma waɗanda mutane suke zaune a kai ba su cika ɗari biyu ba. Babu dutse, babu tudu. Kowane tsibiri yashi ne fari a kan murjani, tsayinsa daga ruwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba a mafi yawan wurare. Mutanen ƙasar sun karɓi Musulunci a 1153, kuma babban masallacin Juma'a na birnin Male, wanda aka gina a 1658, da sassaƙaƙƙen murjani aka yi bangonsa.

Ibn Baɗɗuɗa ya zauna a can wajen 1343 zuwa 1344, har aka naɗa shi alƙali. Ya ga ana sayar da wuri dubu ɗari huɗu a kan dinari ɗaya na zinariya, ana kai wa mutanen Bangal a karɓo shinkafa. Bayan kusan shekara goma ya sake cin karo da wurin a ƙasar Mali, inda dinari ɗaya ba ya sayen fiye da 1,150. Hanyar samun sa a Maldif kuwa ba ta da wuya: a shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwan da bai kai ƙugu ba, halittun su hau su manne, a jawo ganyen bakin gaɓa, a bar su a yashi naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Daga baya jiragen Turawan Holan da Ingila suka riƙa loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma da yawansa bayi aka saya da shi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kasuwar ta fara lalacewa bayan 1845, lokacin da 'yan kasuwar Jamus suka cika Afirka ta Yamma da wani wuri mai araha daga Zanzibar, sannan Turawan mulki suka hana shigo da shi Najeriya a 1904.

Da wuri ya faɗi, sai mutanen Maldif suka dogara da kifin tuna da suke kamawa da ƙugiya, su dafa, su ƙyafe, su kai Kolombo. Sun san tekunsu sarai, amma daga sama suka san shi, daga cikin kwalekwalen da suke kira dhoni. Suna da suna ga kowane irin wuri: faru shi ne bangon murjanin da ya taso har saman ruwa, giri ɗan tudu ne da ya kusa leƙowa, thila tudun da ya nutse can ƙasa, kandu kuwa mashigar da ruwan babban teku yake kwararowa cikin zobe. Masu nutso na yau da waɗannan sunaye suke aiki, domin su ne suke raba wurin da ɗan koyo zai iya shiga da wurin da ba nasa ba.

Abin da ya buɗe ƙasan tekun ya zo ne daga Faransa. A 1943 Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa wata na'ura da take ba mutum iska daga tukunya daidai da nauyin ruwan da ke kansa, a duk lokacin da ya ja numfashi. Kafin nan, galibi mai nutso ko dai ya riƙe numfashi, ko a saukar da shi da hular ƙarfe ana hura masa iska ta tiyo daga jirgi. Tsakanin 1957 da 1958, masanin halittun ruwa Hans Hass ɗan Ostiriya ya zagaya Maldif a jirginsa Xarifa, ya ɗauko hotunan da suka sa Turai ta fara jin labarin wurin. Har yanzu akwai wani bangon murjani kusa da Male da ake kira da sunansa.

Duk da haka, lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1965, ba mai tunanin za a yi yawon buɗe ido a can. Babu banki, babu wayar da za a kira ƙasar waje, ruwan rijiya ma da gishiri-gishiri. Sai a 1971 wani ɗan Italiya mai shirya tafiye-tafiye, George Corbin, ya haɗu da Ahmed Naseem a ofishin jakadancin Maldif da ke Kolombo, suka biyo jirgin dakon kaya zuwa Male. A watan Fabrairun 1972 Corbin ya kawo baƙi 22, aka sauke su a gidajen mutane, wani mai suna Mohamed Umar Maniku da abokansa suna yi musu girki. Ranar 3 ga Oktoban shekarar aka buɗe masaukin Kurumba a tsibirin Vihamanaafushi: ɗaki 30, bangon murjani, jinkar ganyen kwakwa. Bandos ya biyo baya kafin shekarar ta ƙare. Baƙin da suka shiga ƙasar a 1972 dubu ɗaya ne da 'yan kai. A 2013 sun haura miliyan ɗaya, a 2024 suka kai miliyan biyu.

Baƙin farko da bindigar mashi suke shiga ruwa suna harbin kifi. Gwamnati ta haramta wannan, kamar yadda daga baya ta taka wa masu fasa murjani don gini birki, ta kuma hana kamun kifin shak a 2010. Wannan ne ya sa kifin Maldif ba ya gudun mutum. Sabon mai nutso yakan durƙusa a yashi, garken ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa su kewaye shi, kunkurun ruwa ya wuce ta gefensa yana gutsurar abinci a jikin murjani ko kallonsa bai yi ba.

Tsarin da ya fi yin tasiri shi ne na tsibiri ɗaya, masauki ɗaya. Hukumomi sun so kuɗin baƙi, amma ba su so giya da tsiraici su shiga garuruwan Musulmi ba, don haka aka ware wa baƙi tsibiran da ba kowa, aka hana su kwana a na mutane. Sakamakon haka, wanda ya zaɓi masauki a Maldif ya zaɓi komai da komai a dunƙule: ɗakin kwana, da abinci, da malamin nutso, da ruwan da zai koya a ciki. In makarantar tsibirin ba ta yi masa ba, babu ta maƙwabta da zai taka ya je. Nan ne mutane da yawa suke tafka kuskure, su biya maƙudan kuɗi saboda hoton ɗakin da aka kafa a kan ruwa, su isa su tarar tsibirin yashi ne zalla ya kewaye shi, sai an shiga jirgi kafin a ga murjani ko guda.

Tsofaffin masaukai irin su Bandos sun yi suna ne da bangon murjanin gida, wanda mutum zai taka daga bakin gaɓa ya yi iyo kaɗan ya same shi. Ɗan koyo yana bukatar abu biyu a wuri ɗaya. Na farko kwantaccen ruwa mai yashi, wanda zai miƙe tsaye a ciki in ya firgita. A nan malami zai sa shi ya cire abin numfashi daga baki ya mayar, ya bar ruwa ya cika masa tabarau, ya danna samansa da yatsu, ya ɗaga kai, ya hura iska ta hanci har ruwan ya fice. Na biyu bango mai gangarowa a hankali, inda zai sauka mita biyar yau, goma gobe. Kowace mita goma tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na iskar duniya baki ɗaya, shi ya sa kunne yake zafi tun daga mita biyu, sai an toshe hanci an hura a hankali. Shi ya sa kuma doka ta farko ita ce kada a riƙe numfashi, domin iskar da aka shaƙa a ƙasa kumbura take yi idan ana hawowa, tana iya yaga huhu.

Kandu kuwa ba wurin ɗan koyo ba ne, ruwa ba sa'an kwando ba. A can manyan kifaye suke taruwa, a can ake ɗaukar hotunan da ke cikin takardun talla, amma ruwan yana gudu da ƙarfin da ƙwararru ma sai sun maƙale ƙugiya a dutse. Gudun yana bin iska ne: daga Disamba zuwa Afrilu iskar iruvai take kaɗawa daga arewa maso gabas, teku ya lafa, ruwa ya yi garau, daga Mayu zuwa Nuwamba hulhangu take zuwa da hadari da igiyar ruwa. Makarantar kirki takan duba takardar mutum da yawan nutson da ya yi kafin ta sa shi a jirgin da zai nufi mashiga. Wadda ba ta tambaya, a guje ta.

Takardar da aka fi sani ita ce ta PADI, ƙungiyar da John Cronin da Ralph Erickson suka kafa a Amurka a 1966, sai kuma ta SSI. Matakin farko kwana uku ne zuwa huɗu: karatu, atisaye a ruwa marar zurfi, da nutso huɗu a teku. Sai mutum ya yi iyon mita 200, ya kuma iya zama a saman ruwa minti goma, kafin a ba shi izinin sauka zuwa mita 18. Wanda yake so ya ɗanɗana kawai, akwai shirin yini ɗaya da malami yake riƙe da shi, ba a wuce mita 12. Dokar Maldif kanta ta hana mai nutson nishaɗi wuce mita 30 komai ƙwarewarsa. Dalilin duk wannan iyaka shi ne sinadarin naitirojin da yake narkewa a jini a ƙarƙashin ruwa. In aka hawo da gaggawa sai ya yi kumfa a jiki, kamar an buɗe kwalbar lemon da aka girgiza. Maganinsa ɗaki ne na musamman mai matsa iska, kuma tsibirai kaɗan ne suke da shi, cikinsu akwai Bandos da Kuramathi da Kuredu. Nisan masauki daga irin wannan ɗaki tambaya ce da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi, haka ma yawan ɗaliban da malami ɗaya yake shiga ruwa da su, da ko akwai iskar oksijin ta gaggawa a cikin jirgi.

Murjanin kansa ya sha wuya. Halitta ce mai rai, tana zaune da wasu ƙananan tsirrai a jikinta da suke ciyar da ita, kuma idan ruwa ya ɗumama fiye da kima sai ta kore su, ta yi fari fat. A 1998 zafin El Nino ya kashe kusan kashi 90 cikin 100 na murjanin da ke ruwa marar zurfi a Maldif. Yana cikin farfaɗowa sai igiyar sunami ta 26 ga Disamban 2004 ta haye tsibiran, sannan wani zafin ya dawo a 2016. Wasu bangaye sun warke, wasu har yau kufai ne, don haka hoton da aka ɗauka shekara goma da suka wuce ba shaida ba ne.

Barazanar ɗumamar yanayi ce ta sa Shugaba Mohamed Nasheed ya kai majalisar ministocinsa ƙarƙashin ruwa ranar 17 ga Oktoban 2009, a kusa da tsibirin Girifushi. An jera tebura a kan yashi, a zurfin kusan mita shida. Yawancin ministocin 'yan koyo ne da suka yi makonni suna atisaye, kuma da alamar hannu suka yi magana, suka sa hannu a wani allo da ke kira ga duniya ta rage hayaƙi, gabanin taron sauyin yanayi na Kofanhegan.

Gwamnatin Nasheed ɗin ce, a shekarar, ta ɗage dokar da ta hana baƙi kwana a garuruwan mutane. Maafushi ya buɗe gidan baƙinsa na farko a 2010, Dhigurah da Rasdhoo da wasu suka bi sahu. Ga ɗan koyo wannan ya sauya lissafi. A gari ɗaya zai sami makarantu da dama, ya leƙa kowacce, ya duba kayan aikinsu, ya yi magana da malamin kafin ya yanke shawara, kuma kuɗin bai kama ƙafar na keɓaɓɓun tsibirai ba. Babu giya a waɗannan garuruwa, abinci halal ne, ana jin kiran salla daga ɗaki, kuma akwai rigar nutso mai rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu ga mace ko namiji. Yawancinsu dai sai an shiga dhoni kafin a kai ga murjani, saboda haka sai a tambayi minti nawa ne tafiyar, a kuma bar yini guda cur babu nutso kafin ranar hawa jirgin sama, domin naitirojin ɗin da ya rage a jini ya gama fita.