Shari'ar Woolmington: Wa Zai Kawo Shaida?

Ya ku 'yan makaranta, a ce an kama mutum an kai shi gaban alƙali, ana tuhumarsa da kisan kai. Shin shi ne zai nuna bai yi ba, ko kuwa masu ƙararsa ne za su nuna ya yi? Kada ku raina wannan tambaya, gama a kanta ran wani saurayi ya rataya a Ingila cikin shekarar 1935.

Sunan saurayin Reginald Woolmington, shekarunsa 21, ɗan ƙodago ne a wata gona cikin lardin Dorset. Cikin watan Agusta na 1934 ya auri wata yarinya mai shekara 17, sunanta Violet. Ba a daɗe ba ta haihu, amma zaman ya ƙi daɗi. Cikin Nuwamba ta yi yaji, ta koma gidan uwarta a Milborne Port. Ya yi biko, ta ƙi komowa. Ran 10 ga Disamba ya ɗauki bindiga a gonar da ya ke aiki, ya yanke bakinta da zarto, ya ɓoye ta cikin kwat, ya hau keke ya tafi gidan. Can sai aka ji ƙarar bindiga. Da aka shiga, aka tarar Violet ta mutu.

Babu wanda ya ga abin da ya faru cikin ɗakin. Woolmington ya ce nufinsa ya tsorata ta kawai, ya ce mata zai kashe kansa in ba ta komo ba, sai bindiga ta tashi da kanta sa'ad da ya ke fid da ita. Amma an sami wata takarda a aljihunsa wadda ta sa aka yi zaton da niyya ya tafi.

A Ingila, in laifi babba ne, mutum 12 daga cikin jama'a su ke sauraron shaidu su faɗi ko an yi laifin, joji kuwa shi ke bayyana musu doka. Da aka yi shari'ar fari a Taunton, bakinsu bai zo ɗaya ba. Aka sake ta a Bristol gaban Joji Swift. Shi kuwa ya dogara ga littafin wani tsohon masanin shari'a, Sir Michael Foster, na shekarar 1762. Ya gaya musu tun da ya tabbata a hannun saurayin matar ta mutu, doka ta ɗauka da gangan ya yi, sai fa in shi ya nuna tsautsayi ne. To, ƙaƙa mutum zai nuna tsautsayi alhali ba shi da shaida sai bakinsa? Aka yanke masa hukuncin rataya.

Ya ɗaukaka ƙara, kotun afil ta kore ta. Saura mataki ɗaya tak, watau Majalisar Dattawan Ingila, wadda a wancan zamani ita ce ƙarshen shari'a a ƙasar. A wancan lokaci kuwa ba a zuwa can da ƙarar laifi sai Babban Lauyan Gwamnati ya yarda maganar ta shafi jama'a duka. Ya yarda. Manyan alƙalai 5 suka zauna, shugabansu Lord Sankey. Cikin watan Afrilu na 1935 suka rushe hukuncin, aka saki Woolmington.

Da Lord Sankey ya zo ba da dalili, sai ya kwatanta dokar laifi ta Ingila da saƙa, ya ce akwai wani zare na zinariya da ya ratsa ta duka. Zaren nan shi ne, wajibin masu ƙara ne su tabbatar da laifin wanda su ke tuhuma, har da niyyarsa. Idan an gama jin kowa, shakka mai dalili ta saura, to, sai a sake shi. Ya keɓe abu biyu kaɗai: wanda ya ce hauka ta sa shi, da kuma inda wata doka rubutacciya ta ɗora wa wanda a ke tuhuma nauyin.

Ku lura fa, dattawan nan ba su ce saurayin gaskiya ya faɗa ba. Abin da suka ce, an ɗora masa kayan da ba nasa ba ne. Wataƙila wani cikinku zai ce, ashe ke nan mai laifi ya kan kuɓuta, jinin Violet fa? Wannan magana ce mai nauyi, ba a kuwa musunta ta. Amma ku tuna hukuma tana da 'yan sanda da lauyoyi da kuɗi, talaka kuwa daga shi sai rigarsa. In aka ce kowa ya wanke kansa, mai ƙarfi ya yi wa mara ƙarfi ƙazafi ya koma gefe yana kallo. Wanda aka rataye bisa kuskure kuwa, ba afil da zai komo da shi.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce gare mu, gama alƙalan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin mai da'awa shi ke kawo shaidu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma, a sashe na 36, ya ɗauki wanda a ke tuhuma mara laifi ne har a tabbatar da laifinsa.

Saboda haka, in an ɗauke littafin wani a aji, aka ce wane ne, kada ku ce masa ya rantse bai ɗauka ba. Ku tambayi mai faɗin, wa ya gani? Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.